Jif mai caji yanzu, ko ka jira a-kori-kura ta lantarki? Ga yadda za ka yanke

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma sai da ta wuce dubu, toh tun lokacin duk majalisar da ka zauna a Abuja sai an taɓo maganar motar lantarki. Ni dai na shiga, na sayi jif mai caji, a Gwarinpa nake zaune kuma ina hawa Jos a kai a kai saboda can iyayena suke. Kwanan baya kawuna da yake ɗauko dankalin turawa daga Bokkos ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce min "Ɗana, in sayi irin taka ne yanzu ko in haƙura in jira a-kori-kurar nan ta lantarki da ake cewa tana tafe?" Na ce mishi "Kawu, ka ba ni wata ɗaya da littafi ɗaya tukunna." Abin da na sa shi ya yi shi zan faɗa maka, don gaskiya kuɗin nan ba ƙanana ba ne kuma ba na son in ga mutum ya zuba miliyoyi a kan abin da ba zai mishi aiki ba.

Ka fara da littafin, ka manta da mota. Wata guda cur, kullum ka rubuta kilomita nawa ka yi, me ka ɗauka, ina ka je. Da yawanmu sha'awar a-kori-kura ce kawai take cin mu, idan ka duba littafin sai ka ga yara ne zuwa makaranta, ofis, cefanen Wuse ko Utako, buhun shinkafa biyu, sai ragon layya sau ɗaya a shekara. Wannan duk aikin jif ne, ka kwantar da kujerun baya komai ya shige, ranar da za ka kwaso siminti ko rodi daga Dei-Dei ka yi shatar mota kawai. Amma idan littafin ya nuna sati-sati kana loda buhuna masu nauyi, taki, ganguna, kana shiga hanyar gona da damina, toh kai mai a-kori-kura ne na gaske, maganarka daban ce kuma zan zo kanta.

Sai wuta, kuma a nan ne maganar take mutuwa ko ta rayu. Batirin mota da yunit ake auna shi, irin yunit ɗin da kake saye a mitar gidanka sak. Matsakaiciyar jif kaman BYD Atto 3 batirinta yunit 60 ne, Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020 yunit 64. Ita kuwa babbar a-kori-kura ta Amurka, Ford F-150 Lightning, ƙaramin batirinta 98 ne babban 131. Idan a soket ɗin bango za ka jona, abin da yake shiga bai fi yunit 2 da ɗan wani abu a awa ba, kenan jif mai 60 sai ta sha sama da awa 24 kafin ta cika daga ƙasa. Idan ka sa cajar bango mai kilowat 7, awa 9 ne, ka jona da isha'i ka tashi da asuba ta kusa cika. Mai 131 kuwa ko da wannan cajar sai ta ci wajen awa 19. Yanzu ka tambayi kanka tsakani da Allah, awa nawa ake ba ku wuta a jere? Ka duba rasidin mitarka ka ga layin da kamfanin wuta, AEDC ko JED, ya sa ka, 'yan Band A alƙawarinsu awa 20 ne a rana, kuma tun Afrilu 2024 yunit ɗinsu ya haura naira 200.

Lissafin ba wuya. Jif tana cin wajen yunit 18 a kilomita 100 idan AC na kunne, ka ɗauka yunit naira 210 ne, ya kama 3,780, ka ƙara ɗan abin da yake salwanta wajen caji ka ce 4,200. Jif ta fetur mai shan lita 11 a wannan nisan, idan lita 900 ce, 9,900 kenan. Ka sa farashin da kake saye yau ka sake bugawa da kanka. Babbar a-kori-kura ta lantarki tana iya cin yunit 30, ribar ta ragu tun kafin ka ɗora mata kaya. Kuma dan Allah kar wani ya ruɗe ka da cewa ai akwai janareta, ƙaramin janareta da ƙyar yake ba da yunit 2 a lita, wajen lita 10 za ka ƙona don ka samu kilomita 100, toh ina amfanin? Sola ta fi, amma ita ma da lissafinta: fanel mai wat 500 wajen yunit 2 yake bayarwa a wuni, mai yin kilomita 50 kullum yana buƙatar kaman fanel 5 na mota kaɗai, kuma sai motar tana gida da rana. Inbatar gida mai kilowat 3.5 ko 5 ba za ta ɗauki caja mai kilowat 7 ba, batirin gidanka gaba ɗaya bai fi yunit 5 ko 10 ba, motar za ta zuƙe shi ta bar ku a duhu. Kafin ka biya kuɗin mota ka kira mai wayarin na kirki ya duba kaurin waya da wayar ƙasa, ya ja wa cajar layinta daban daga mita.

Yanzu bari in hau da kai Jos. Daga Abuja ta Keffi da Akwanga zuwa Forest har ka haye, tafiyar ta kusa kilomita 300, kuma Jos tana saman tudu wajen mita 1,200, ta ɗara Abuja da mita ɗari bakwai zuwa takwas. Ɗaga mota mai nauyin tan 2 zuwa wannan tsayin kaɗai yana cin sama da yunit 4. Ranar farko da na yi tafiyar na tashi da caji 100, har Akwanga hankalina kwance, da na kama Hawan Kibo ina bayan wata tirela sai na ga lambar tana zubewa ɗaya bayan ɗaya kaman ana ƙirga kuɗi, uwargida ta yi shiru ta miƙa hannu ta kashe AC ba tare da ta ce komai ba. Mun shiga gida da abin da bai kai 15 ba. A soket ɗin gidan Baba kuma, da yanayin wutar unguwar, sai da ta kwana biyu kafin ta cika. Dawowa kuwa daɗi, a gangaren motar tana mayar da caji da kanta duk sanda ka ɗaga ƙafa, har ka ga lambar ta ƙaru. Saboda haka nisan da aka rubuta a takarda ka rage mishi kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kafin ka yarda, musamman in ma'aunin Sin ne. Mota ɗaya ce, a Sin sunanta Yuan Plus an rubuta mata kilomita 510, a Turai sunanta Atto 3 an rubuta 420, batir ɗaya. Cajar hanya kuma kar ka sa ta a lissafi sai wadda ka je ka gani da idonka tana aiki.

Wannan hawan shi ya yanke wa Kawu hukunci. A-kori-kura ta lantarki masu girman da muka saba, irin Isuzu D-Max mai batir kusan yunit 67 da Hilux ɗin lantarki da Toyota ta nuna a Nuwamba 2025 mai batir 59, duka nisansu a takarda a ma'aunin Turai bai kai kilomita 300 ba, kuma babu kaya a baya kenan. Ka loda dankali har sama nisan ya ragu, ka ja tirela ya kusa rabewa biyu. Daga Bokkos ko Mangu zuwa kasuwar Farin Gada a Jos ka dawo, za ta yi tsaf in akwai wuta a gida. Amma ka sauko Abuja da kaya ka sauke ka juya a ranar, wannan ba aikinta ba ne tukunna. Na ce mishi "Kawu, ka riƙe tsohuwar Hilux ɗinka, ita ce abincinka." Wanda ya matsu kuma akwai irin su BYD Shark da ta fito a 2024, tana da batir wajen yunit 30 na zirga-zirgar gari da injin fetur na doguwar tafiya, amma ka san inji biyu kake kiwo.

Maganar jira kuma, ni a nan nake da zafi. Tesla ta nuna Cybertruck a Nuwamba 2019 da alƙawarin dala 39,900, ba a fara miƙa wa mutane ba sai ƙarshen Nuwamba 2023, shekara huɗu, kuma waɗanda suka fara fitowa kuɗinsu ya ninka ko ya fi. Kamfanin Lordstown da ya yi ta tallan tasa a-kori-kurar ya karye a 2023. Ford da kanta a Disamba 2025 ta ce ta daina ƙera Lightning mai lantarki zalla. Wannan a Amurka kenan inda ake yin su, balle mu da sai an sako a jirgin ruwa, a biya kwastan, dala kuma ba ta zama wuri ɗaya. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Idan wani dila ya ce ka ba da kafin alƙalami motar tana hanya, ka nemi abu uku a rubuce: ranar da za ta iso, farashin da ba zai canza ba, da yadda za a dawo maka da kuɗinka in ba ta zo ba. In ya fara kame-kame ka tashi. Ka tambaya kuma sitiyarinta wane hannu ne, don a-kori-kura da yawa na kasuwar Tailan da Ostareliya ne masu sitiyari a dama, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu.

In ka yanke jif ce yanzu, ga abin da za ka duba a wajen saye. Bakin caja tukunna: na Sin GB/T ne, na Turai CCS2, na Amurka kuma daban, kuma ba sa shiga juna. Ni wanda ya sayar min bai faɗa min ba, sai da na je wata caja a gari na ɗauko kan na ga bai shiga ba, sai da na yi odar adafta na jira makonni, abin ya min ciwo don kalma ɗaya ce da zai faɗa. Sai lafiyar batir, in Beljiyam ce ka sa a jona kwamfuta a nuna maka kashi nawa ya rage a ƙarfinsa, kar ka yarda da "ai sabuwa ce fil". Ka tambayi irin batirin, wanda ake kira LFP ya fi jure zafi kuma ana cika shi 100 ba damuwa, ɗayan irin an fi so ka tsaya a 80 a ranakun da ba tafiya. Garanti yawanci shekara 8 ne ko kilomita 160,000, amma ka tabbatar yana aiki a Najeriya, don wadda aka shigo da ita ta bayan fage garantinta yana can ƙasar da ta baro. Ka duba allon motar ko yana juyawa zuwa Turanci. Ka tsuguna ka kalli tsayinta daga ƙasa tunda batirin a ƙasan yake kwance, ka tuna bam ɗin unguwarku da kwazazzabon damina.

Bakanike kuma ka nemo shi kafin mota. Ka shiga Apo ko Farin Gada ka tambaya wa yake taɓa irin wannan, ka je ka ga kayan aikinsa, ka tambayi dilan in fitila ta fashe ko gilashi ya tsage kwana nawa kafin a samu. Birki da taya da ƙafafu kowa zai iya, sai dai ka san tana cin taya fiye da ta fetur saboda nauyi. Amma wayoyin nan masu kalar lemu wuta ce mai ɗaruruwan bolt a cikinsu, kar ka bar rewayan bakin titi ya kai hannu wajen ko da ya rantse maka ya iya.