Darasi na 7: Haƙori Ya Ɓantare a Lokacin Annoba

A watan Afrilu na 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda cutar korona. Azumi ya shigo ana cikin kullen. Wani tela a unguwarmu ya sha ruwa, ya zauna yana cin shinkafa da wake, sai ya ji ƙaras a bakinsa. Ya tofar a tafin hannu. Ga tsakuwa, ga wani ɗan farin abu kamar ɓarin tangaran. Ya kai harshe kan turminsa na hagu, ya ji kaifi.

Matarsa ta ce, "Malam, gobe da safe sai asibiti."

Ya ce, "Asibiti a wannan marra? Ai gara in zauna da abina."

Kowannensu da gaskiyarsa. A gaban likitan haƙori dole ka cire takunkumi, ka wangale baki, fuskarsa dab da taka. Injin da yake goge haƙori da shi yana feshin ruwa haɗe da yawu, feshin ya bi iska, kuma ta irin wannan hanya korona take yaɗuwa. Shi ya sa a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ɗage aikin haƙori marar gaggawa, kamar wankewa da dubawar da aka saba, a wuraren da cutar take yaɗuwa. Amma ba ta ce a bar mai ciwo da ciwonsa ba.

To, yaya mutum zai san nasa na jira ne ko na tafiya? Sai ya duba zurfin ɓarnar.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, kuma ba ya jin ciwo. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya. Can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini.

In farin ɓawon ne kaɗai ya gutsure, babu zugi, babu jini, wannan zai iya jira. Damuwarsa kaifin da yake yankan harshe. A rufe wurin da cingam marar sukari, a koma tauna da ɗaya gefen, a rabu da rake, da ƙashi, da guguru mai tsakuwa. A kuskure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a daina asuwaki ko buroshi don tsoro, a dai bi wurin a hankali.

In kuwa ruwan randa ko shayi ya taɓa wurin ka ji tsam har ƙwaƙwalwa, ɓarnar ta kai sashe na biyu. Ba na tashin dare ba ne, amma a nemi likita cikin 'yan kwanaki ya yi ciko kafin ya rube.

Na uku shi ne wanda ba a yi masa kawaici. Ka ga ɗigon ja a tsakiyar karayar, ko zugi ya hana ka barci, ko dasashi ya yi ƙurji, ko kunci ya kumbura da zazzaɓi. Wannan tafiya ce ko ana kulle. In kumburin ya sauka wuya, haɗiya ta yi wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, a tafi a daren nan, domin yana iya toshe numfashi. Haka in haƙorin babba ya fita ɗungurungum: a riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba, a jefa shi cikin madara, a yi ƙoƙarin isa wurin likita kafin awa ɗaya.

Bari in ɗan tsaya a nan. Tsoron asibiti yana kai mutane wurin mai cire haƙori a kasuwa. Wanda ya guji korona ya je aka sa masa filayar da ta fito daga bakin wani, ai gudun gara ne ya faɗa gidan zago, don ciwon hanta ta jini yake bi. Kuma kada a danna asfirin a dasashi, ƙona shi yake yi. Farasitamol haɗiye shi ake yi. Kanumfari yana kwantar da zugi na ɗan lokaci, amma ba ya warkar da jijiyar da ta buɗe.

In tafiya ta kama a lokacin annoba, a fara buga waya a karɓi lokaci, don kada a daɗe a layi. A je da takunkumi, a wanke hannu. Mai tari ko zazzaɓi ya faɗa tun a waya.

Shi telan namu ya kurɓi ruwan sanyi, bai ji komai ba. Ya liƙa cingam, ya jira. Bayan an sassauta kulle likita ya goge masa kaifin.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan ka rubuta su: haƙori, dasashi, jijiya, takunkumi, annoba.

Me ya sa telan ya iya jira? Da kuncinsa ya kumbura, me za ka ce masa? Rubuta amsarka a jimla biyu.