Yadda na gyara awon sawun ɓerayen gwaji

Bayan an matse jijiyar sayatik ta ɓera, wato babbar jijiyar ƙafar baya, sawunsa na tawada a kan takarda ke nuna ko ƙafar tana farfaɗowa: a lissafin da ake yi da awon sawun, maki 0 lafiya lau, -100 aiki ya tsaya cak. Ni kuwa sawun duk damewa suke yi, ɓerayen suna tsayawa, suna juyawa.

Sai na rage faɗin hanyar da suke bi a kan takardar, na ajiye akwati mai duhu a ƙarshenta, tunda ɓera duhu yake nema. Tun kafin tiyata nake saba musu da bin ta. Tawada kaɗan nake shafa musu a ƙafa da auduga, yatsu biyar su fito ɗaya-ɗaya.

Lissafin makin da mai bincike de Medinaceli ya fitar a 1982 na manyan ɓeraye ne, nawa kuwa ƙanana ne, shi ya sa na ɗauki na mai bincike Inserra na 1998, mai auna tsawon sawu da buɗewar yatsu.