Yadda za ka gane inda Einstein da kwantom suka raba gari

In kana so ka fahimci rikicin da ke tsakanin ka'idar Einstein da ta kwantom don Allah kar ka fara da ka'idar zare (string theory, ɗaya daga cikin yunƙurin sulhunta su), nan ne yawanci ake ɓacewa. Fara riƙe kowace ka'ida da jimla ɗaya tukun. Ta Einstein ta 1915 cewa ta yi girabiti, wato abin da ke sa abu faɗowa ƙasa, ba wata igiya ba ce mai jan abu, sarari da lokaci ne da kansu suke lanƙwashewa saboda nauyi. Ita kuma kwantom da su Heisenberg da Schrödinger suka kafa a 1925 da 1926 ta ce ɗan mitsitsin abu irin ilektaron yana iya zama nan da can a haɗe har sai an auna shi.

To sai ka haɗa su da kanka. Ilektaron ɗin nan yana da nauyi ko? Kenan dole ya lanƙwasa sarari, amma ta ina, nan ko can? Lissafin Einstein yana son tabbataccen wuri, kwantom ta ƙi ba shi, in kuma ka ce lanƙwasar ma tana wuri biyu to ka mai da sarari da lokaci kansu abin shakka, alhali kwantom a kansu take tsaye, tana ɗaukar lokaci kamar agogon bango da kowa ke kallo. Zauna a kan wannan tambayar kwana biyu, ni a ganina ita ce zuciyar maganar, masanin kimiyya Feynman ma ya taso da irinta a 1957.

Daga nan ka leƙa lissafin. Lissafin kwantom yakan fitar da lambobi marasa iyaka, kuma dabarar da ake share su da ita a wutar lantarki ba ta ci a girabiti ba, kana toshe ɗaya wata na ɓullowa, masana 't Hooft da Veltman sun ga alamar haka tun 1974.

Sannan ka san inda rigimar take: cikin baƙin rami (black hole, inda ko haske ba ya iya kuɓuta) da farkon halittar sararin samaniya, wajen tsayin Planck, wato ka raba mita ɗaya gida 1 mai sifili 35 a bayansa. Ƙarfin da ake buƙata a leƙa wurin ya ninka na babban injin CERN, cibiyar binciken Turai inda ake karo da mitsitsin abubuwa, kusan sau tiriliyan dubu, shi ya sa gwaji bai raba gardamar ba har yau. Sai ka kai nan za ka buɗe ka'idar zare da ta madauki (loop quantum gravity, wani yunƙurin sulhun), kowacce ka tambaye ta me ta yi da ilektaron ɗin nan.