Hawan Dutse a Bazara da Farkon Damina: Kurakuran da Muke Ta Maimaitawa

Duk shekara, da zarar ruwan farko ya sauka a Jos cikin Afrilu, ƙurar rani ta kwanta, duwatsun Shere suka fara yin kore, wayata ba ta hutawa. Abokai daga Abuja da zafin bazara ya ishe su, ɗalibai, ma'aikata masu neman hutun ƙarshen mako, kowa tambayarsa ɗaya: yaushe za mu hau? Ina jin daɗin tambayar, domin babu lokacin da dutse ya fi kyau kamar wannan. Sai dai a wannan lokacin ne kuma ya fi yaudarar mutum. Na daɗe ina raka jama'a, kuma yawancin kurakuran da nake gani uwarsu ɗaya: mutum ya auna saman dutse da yanayin da ya baro a ƙofar gidansa.

Fita bayan rana ta take

Wannan ne babban kuskure, kuma ni ma na taɓa faɗawa cikinsa. Wata Asabar cikin watan Mayu, baƙina sun taso daga Abuja da safe, kafin su wuce Akwanga su hau Hawan Kibo su iso, su ci abinci, har ƙarfe 11 ta gota. Sama garau take, ko ɗigon gajimare babu. A gindin dutse muka tarar da wani dattijo yana gyaran gona. Muka gaisa, ya dube mu ya ce, "'Ya'yana, yanzu za ku hau?" Na ce, "Eh Baba, yanzu za mu dawo." Ya ɗaga kai ya kalli gabas, ya ce, "To, ku riƙa waiwayawa can." Na ji maganar, amma na ji nauyin mutanen da suka yi doguwar tafiya, na kasa ce musu mu bari sai gobe.

Wajen ƙarfe 3 muna kan falalen dutse, babu bishiya babu mafaka, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara, sai ƙanƙara, sai ruwa. Wani saurayi cikinmu da ya zo da 'yar shat da wandon jins ya fara karkarwa har haƙoransa na haɗuwa. Saukar da ta kamata ta ɗauke mu awa ɗaya da rabi ta ci mana kusan awa huɗu, muka iso ƙasa da hasken waya. Allah Ya kiyaye, babu wanda ya ji rauni, amma laifin nawa ne, kuma tun ranar ban sake fara hawa da hantsi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A bazara da farkon damina rana tana dafa ƙasa tun safe, iska mai ɗumi da laima tana tashi sama, duwatsu suna ƙara tunkuɗa ta, hadari ya haɗu bayan azahar. Shi ya sa garau ɗin safiya ba ya nuna komai game da la'asar. Hadarin ƙasarmu kuma yawanci daga gabas yake tasowa, da sauri, da iska a gabansa. Gyaran kuwa mai sauƙi ne: wanda zai zo daga Abuja ya kwana a Jos ranar Juma'a. A yi sallar asuba, gari na wayewa a kama hanya. Kafin a fara, a tsayar da lokacin juyowa, a faɗa wa kowa. Nawa ƙarfe 12 ne, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A nan ake samun gardama, domin wani zai nuna sama ya ce, "Haba Yaya, ga shi nan fa, saura kaɗan." Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ido ke gani kusa a kan dutse yakan ci awa guda.

Abin da ake yi idan tsawa ta riske ka

Mutane da yawa suna tsoron jiƙewa fiye da tsawa, sai su ruga ƙarƙashin bishiya ɗaya tilo, ko su cusa kansu a bakin wani ɗan kogo. Duka biyun wurare ne masu hatsari. Aradu tana neman abin da ya fi tsayi, kuma idan ta faɗa kan dutse wutarta tana bin jiƙaƙƙen jikinsa, tana iya tsallaka bakin kogo ta jikin wanda ke tsaye a wurin.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Idan ka ga walƙiya, ka fara ƙirga daƙiƙoƙi har ka ji ƙarar. Kowace daƙiƙa 3 daidai take da nisan kilomita 1. Idan ƙirgar ba ta kai 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, ke nan kana inda za ta iya samunka. Ka bar ƙololuwa da doron dutse, ka gangara, amma kada ka shiga cikin kwarin da ruwa ke bi. Idan kuna da yawa ku warwatsu, kada ku dunƙule wuri ɗaya, don kada bugu ɗaya ya kwantar da kowa a rasa mai taimakon wani. Bayan ƙarar ƙarshe a jira minti 30.

Akwai wata magana da muka taso muna ji, wai wanda aradu ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa madara. Wannan imani yana iya jawo asarar rai. Jikin wanda tsawa ta buga ba ya riƙe wuta. Abin da ke kashe shi tsayawar zuciya ce ko ta numfashi, kuma danna ƙirji da hura masa iska nan take na iya dawo da shi. A taɓa shi, a taimake shi, wani ya kira 112.

Tufafi da takalmi

Jos tana bisa tsayin kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai kusan mita 1,829. A ƙa'ida, duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Tsakanin Terminus da ke tsakiyar Jos da saman Shere bambancin kimanin digiri 4 ne kawai, shi ya sa ake raina shi. Amma ba sanyin ma'auni kaɗai ke kayar da mutum ba. Jiƙaƙƙen tufa da iska su ne ke zuƙe ɗumin jiki, ko da ma'auni na nuna digiri 15. Auduga kuma, da ita aka yi yawancin rigunanmu da jins, tana shan ruwa da gumi ta riƙe, ta manne a fata.

Ba sai an sayi kayan Turai masu tsada ba. A gwanjon kasuwar Katako za ka samu rigar 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, da suwaita mara nauyi, da rigar ruwa mai hula. A jera su ɗaya kan ɗaya yadda za a iya cirewa ko ƙarawa. Suwaitar da safa ta biyu a ƙulle su cikin leda a jaka. 'Yan'uwa mata masu hawa da hijabi, ƙarami ya fi, wanda iska ba za ta cika ba kuma ba zai sarƙe a ƙaya ba, da wando mai kauri a ƙarƙashin riga. Idan kuka ga wani yana karkarwa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe ba dalili, sanyi ya shige shi. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, a sa masa busassu, a kare shi daga iska, a ba shi abu mai zaƙi idan yana iya haɗiya.

Takalmi kuwa, dutsen da kambas ɗinka ya kama daram a watan Janairu ba shi ne na watan Mayu ba. Da ruwa ya taɓa gansakukar da ke jikinsa sai ya koma kamar an shafa sabulu, musamman baƙaƙen layukan da ruwa ke gangarowa. Juya takalminka ka dubi ƙasansa. In ya suɗe, bar shi a gida. Sabon takalmi ma kuskure ne, zai yi maka kanta tun kafin rabin hanya. Yawancin targaɗe da karaya a saukowa ake samunsu, lokacin da gwiwa ta gaji kuma hankali ya riga ya koma mota. Inda ya yi santsi ka zauna ka sauka da hannu da mazaunai, babu abin kunya a ciki.

Sauran ƙananan abubuwa ba sa bukatar dogon bayani. Lita 2 zuwa 3 na ruwa ga kowane mutum, ko da gari ya yi lumshi. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi. Tocila ta gaske, domin hotuna sun cinye cajin waya tun kafin a bukaci haskenta. Ƙoramar da ka tsallake da taku ɗaya da safe tana iya kai maka ƙugu da yamma. Idan ruwan ya yi ja yana gudu, jira ya janye. Ka bar wa wani a gida labarin inda za ka da lokacin dawowa. Ka gaida mutanen ƙauyen da ke gindin dutse, ka tambaye su halin hanya da na tsaro, ka ɗauki ɗan jagora cikinsu ka biya shi haƙƙinsa.

Maciji dai dole in tsaya a kansa. Farkon damina lokacin fitowarsu ne, ciyawa ta rufe hanya, kuma hannu na laluben ramukan dutse. Kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba. Idan an yi sara, kada a ɗaure da igiya tam, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɓata lokaci wurin mai magani. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Kububuwa tana da yaudara: wanda ta sara zai iya jin kamar ya samu sauƙi alhali jininsa ya daina daskarewa.

Masu niyyar manyan tsaunuka

Wanda ya hau Shere sau biyu ko uku yakan fara hangen nesa, kuma ina ƙarfafa hakan. Kuskuren shi ne ɗaukar kalandar wani wuri a ɗora wa wani. Chappal Waddi a jihar Taraba, mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, kuma tafiyar kwanaki ce da ƙetare koguna. Da damina ta kankama hanyar sai ta gagara, lokacinsa rani ne. Dutsen Kamaru da ke saman garin Buea ya haura mita 4,000, kuma gefensa na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya. Kilimanjaro a Tanzaniya, mai mita 5,895, babbar daminarsa daga Maris zuwa Mayu take, sai Yuni ake fara samun sarari. Na ga masu sayen tikitin Afrilu don sun ga farashi ya sauka, ba su tambayi dalilin saukarsa ba.

Toubkal a Maroko, mai mita 4,167, shi ya fi rikita mutanenmu. Kalmar da Turawa ke kiran lokacin bayan hunturu da ita, mukan fassara ta da bazara, sai mutum ya ɗauka zafi ne irin na Kano a watan Afrilu. A Marrakesh za ka iya yin gumi, a ƙauyen Imlil da ke gindin dutsen itatuwa na fure, amma sama da masaukin da ke wajen mita 3,200 dusar ƙanƙara tana nan har Mayu. Da asuba tana da tauri kamar gilashi, sai da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi da gatarin ƙanƙara, kuma sai an koya maka amfani da su. Da rana ta narke ƙafa na nutsewa, rafuka na cika. Haskenta yana ƙona ido, don haka baƙin tabarau mai kyau wajibi ne. Baƙar fata ma tana ƙonewa a can.

Sai ciwon tsayi, wanda ba mu san shi a Shere ba domin yawanci daga wajen mita 2,500 yake farawa. Ciwon kai, tashin zuciya, jiri, rashin barci, ƙin abinci. Ba ruwansa da ƙarfin mutum. Matasa 'yan motsa jiki sukan fi shan wahala saboda suna sauri. A ƙololuwar Kilimanjaro iskar da kake shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce. Zama a Jos yana ɗan taimakawa, amma bai isa a dogara da shi ba. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce, bayan mita 3,000 kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma a riƙa hutun kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Sannu ba ta hana zuwa. Idan aka ba ka zaɓi tsakanin hanyar kwana 5 da ta kwana 7 ko 8, ɗauki doguwar, ƙarin kuɗin ya cancanta. Wanda ya fara haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi, ko sambatu, a sauko da shi a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a ce ya kwanta zuwa safe.

Abu na ƙarshe ya shafe mu fiye da yawancin masu hawa a duniya, kuma ba kasafai kamfanonin yawon buɗe ido ke tambaya ba: sikila. Mai SS kada ya tunkari irin waɗannan tsaunuka sai da izinin likitansa, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, shi ma a tsayi mai yawa saifarsa na iya samun matsala, alamarta ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Kafin ka biya kuɗin jirgi, je ka yi gwajin jini, ka kai wa likita sakamakon tare da sunan dutsen da tsayinsa, kuma ka faɗa wa ɗan jagoranka tun ranar farko.