Yadda za ka sama wa yaronka aikin sa kai a asibitin tsofaffin sojoji a Amurka

Shekarar da 'yata ta cika 15 na rantse ba za ta ƙare dogon hutu tana kwance tana latsa waya ba. Wani maƙwabcinmu, tsohon soja, shi ya nuna mana hanyar asibitin VA, wato asibitocin da gwamnatin Amurka ta ware wa waɗanda suka yi aikin soja. Tsarinsu na 'yan sa kai ba na jiya ba ne, tun 1946 yake, zamanin da Janar Omar Bradley ke riƙe da hukumar tsofaffin sojojin.

Kada ka jira a rufe makaranta. Mu da muka yi sanya sai Yuni muka je, muka tarar gurbi ya cika, dole muka haƙura sai da shekara ta zagayo. Tun Maris ka buga wa asibitin da ke kusa da kai, ka ce a haɗa ka da ofishin 'yan sa kai, wanda yanzu ake kira CDCE. Ka tambayi shekarun da suke ɗauka, don yawanci daga 14 zuwa 17 ne, amma kowane asibiti da nasa tsarin.

Takardun ne masu cin rai: fom, sa hannun uwa ko uba, katin rigakafi, sai gwajin tarin fuka. Gwajin nan ka fara da shi, shi ke jan lokaci. Daga nan a yi musu bita, a ba su katin shaida su rataya.

Aikin ba na likita ba ne, ka faɗa wa yaron tun a gida kada ya sa rai da riƙe allura. Tura keken marasa lafiya ne, nuna wa baƙo hanya, raba kofi, zama da tsofaffi ana wasan bingo. A nemi takalmi rufaffe mara nauyi, don yini ake a tsaye. Ba a ɗaukar hoton majinyaci, ba a kuma fita da sunansa waje. 'Yata da hijabinta ta yi aikin, ba wanda ya ce mata uffan.

Ka sa ido kan rubuta awanni kullum. Akwai tallafin karatu na James H. Parke, wanda sai yaro ya cika awa 100 a shekara kafin a sa sunansa, ga shi kuma awannin na ƙara wa takardar neman jami'a nauyi.

Wata rana na je ɗaukarta na yi ta jira a mota, shiru. Ashe wani dattijo da ya yi yaƙin Biyetnam ne ta kai ɗakin hoton ƙashi, ya kama ba ta labarin damina a can, yadda safa ba ta bushewa a ƙafa. Da ta fito na fara faɗa, sai ta ce, "Baba, yi haƙuri, bai gama ba ne. Ya ce ran Alhamis zai ƙarasa mini."