Yadda Ake Shirya Mota Mai Ɗaki Don Ziyarar Dangi a Ƙetare Daga Kaduna

Da wuya ka shiga gida a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ka rasa wanda ke da ɗan'uwa a Damagaram, Maraɗi ko zangon Kumasi. Abin da ke hana ziyara yawanci ba nisa ba ne, ɗawainiya ce: mutum biyar ko shida, gidaje huɗu a garuruwa uku, kowane gida sai an tashi yara daga ɗakinsu an ba baƙi. Mota mai ɗaki, wato bas da aka cire kujerun bayanta aka sa gado, ruwa da wuta, tana rage wannan nauyin. Sai dai mutane kan fara da kafinta da mai walda, alhali takardu ne ke cin lokaci, kuma su ne ke juyo da mota daga bakin iyaka. Da su za a fara.

Mataki na farko: takardu, wata biyu kafin tafiya

Kowane matafiyi, har jariri, yana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS daga hukumar shige da fice, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ta ƙare. Sai katin allurar shawara mai launin ɗorawa, wanda ake samu a ofishin lafiya na filayen jirgin sama da kan iyakoki. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ranar Laraba ya isa iyaka ranar Asabar bai cika sharaɗi ba. Allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Idan yaro zai tafi ba tare da ɗaya daga cikin iyayensa ba, a riƙe takardar haihuwarsa da wasiƙar amincewa.

Na mota kuwa: lasisin tuƙi na gida da na ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra, takardar mallaka, takardar kwastan ta shigowar motar Najeriya, takardar lafiyar mota ta VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda kamfanonin inshora ke bayarwa. Ɗauki takardun ka tsuguna a gaban motar, ka karanta lambar shasi da ta inji harafi bayan harafi. Idan an taɓa canza inji ba a gyara takarda ba, a gyara ta tun a Kaduna, domin a ƙetare ana ɗaukar irin wannan saɓani a matsayin alamar motar sata. Idan sunan da ke takarda ba na direba ba ne, sai da wasiƙar izini mai hatimin kotu, kuma gara a sa a fassara ta da Faransanci. Lambar mota mai jan rubutu ta haya ce, za a riƙa tambayarka takardun haya a kowane shinge. Mai shuɗin rubutu ta fi sauƙi. Baƙin gilashi kuma yana jawo tsayawa, labule ya fi shi arha.

Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu, 2025, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 ƙa'idojin iyakar Nijar ke sauyawa lokaci zuwa lokaci. Kafin ka tashi, ka kira wanda za ka sauka wurinsa, ka kuma tambayi direbobin da suka tsallaka a wannan makon. Idan aka ce sai inshorar ƙasarsu, ka yanki ta gajeren lokaci a garin farko. Kamaru daban ce: ba ta cikin ECOWAS, Brown Card ba ya aiki a can, kuma kuɗinta, wato sefa, ba irin ta Nijar da Benin ba ce ko da yake darajarsu ɗaya.

Mataki na biyu: motar da gyaranta

Toyota Hiace mai dogon rufi ita ce zaɓin da ya fi hankali, don ba garin da za ka rasa makanikenta ko kayan gyaranta. Sienna tana yi wa mutum biyu da yaro, amma cikinta ƙasa yake, tana gogar hanyar burji. A bar kujeru masu bel daidai yawan matafiya, a cire sauran. Ba a kwanciya a gado mota na tafiya. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cilla yaro gaba.

A kasuwar Panteka ta Kaduna za a haɗa maka ƙarfen gado da bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, tsayinsa daga daben mota kamar santimita 40, yadda jarkoki da akwatuna za su shige ƙarƙashi. A ɗora filawud mai kaurin milimita 18, a huda shi ramuka don katifa ta sha iska, in ba haka ba zufa tana taruwa ta yi fumfuna. Ka tsaya a kan mai walda ya ɗaure gadon da kusoshi a ramukan da aka kwance kujeru, kada ya yi walda a jikin daben, ga tankin mai da wayoyi a ƙasa. A sa ragar sauro a tagogi biyu masu fuskantar juna, a manna soso mai rufin azurfa a cikin rufin don rage zafi. Rumfar tamfol a gefen ƙofa da tabarma biyu su ne falonka.

Wuta ita ce inda ake yawan yin kuskuren lissafi. Kada a haɗa komai da batirin tada mota. Batir na biyu mai ƙarfin 100Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne) a kan volt 12 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake ci, in an wuce haka yana saurin mutuwa. To ga buƙata: ƙaramin firji na volt 12 yana cin wajen wat-awa 350 a yini, fanka biyu masu wat 15 na awa takwas 240, fitilu da cajin wayoyi kamar 100. Jimla kusan 700, ta zarce 600 ɗin da kake da shi. Mafita ko 200Ah na jel, ko 100Ah na litiyam wanda ake iya ci kusan duka. Faifan sola mai wat 200 yana mayar da kusan abin da aka ci a rana mai haske, amma ƙurar hunturu tana rage shi sosai, sai ana goge shi kowace safiya. A sa fiyus kusa da kan batirin, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Wayar da ta goge a ƙarfe tana iya tada gobara a irin waɗannan motoci. Ka riƙe doguwar waya ta mita 20 don jan wuta daga gidan masauki, da adafta, saboda soket ɗin Nijar, Benin da Togo mai zagayayyun ƙafafu biyu ne. Na Ghana irin namu ne.

Ruwa: jarka huɗu masu lita 25, biyu na sha da girki, biyu na alwala da wanke-wanke. Kilo 100 ke nan, a ajiye su ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, ba a kan rufi ba. Tukunyar gas mai kilo 6 ta isa mako biyu na shayi da girki mara nauyi. A waje ake girki. Haka kuma ba a kwana da inji a kunne don a sha iya kwandishan, ba a kuma ajiye janareto kusa da taga: hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, mai barci ba ya farkawa.

Kayan gyara: safaya biyu, jak da faffaɗan katako don yashi, fambel, famfon mai, matatar mai da ta iska, fiyus, man inji galan ɗaya, igiyar ja. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Wadda ta haura shekara huɗu kada ta hau kwaltar watan Afrilu. Jandarmomi, wato jami'an tsaron da ke tsare hanya a can, na tambayar alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu, abin kashe gobara da akwatin agajin gaggawa.

Mataki na uku: hanya da lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin wannan tafiya. Dare na da sanyi, a ɗauki barguna. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, motar ƙarfe ba ta kwantuwa sai tsakar dare. Da damina kuma koramu na yanke hanya.

Mai zuwa Damagaram ya bi Zariya, Kano, Daura, ya tsallaka a Kongolam zuwa Ɗan Barto, sai Matamai. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne, Kano zuwa Damagaram ma kusan haka, don haka a raba ta biyu: a kwana Kano ko Daura, a cika tanki, a isa iyaka da hantsi. Maraɗi ta fi kusa ta Katsina da Jibiya, amma yankin ya sha fama da 'yan bindiga, sai an tambaya a ranar. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne ta Maraɗi, Birnin Ƙonni da Doso. Mai zuwa Ghana zai gangara Legas, ya shiga Benin ta Seme, ya ratsa Kwatano da Lome, ya shiga ta Aflao. Iyaka uku ke nan, kowacce da nata layin. Agogon Togo da Ghana yana bayan namu da awa ɗaya.

Ƙa'ida guda ba ta da sassauci: la'asar sakaliya ta same ka a inda za ka kwana. Kasancewar gado a mota ba izinin kwana a daji ba ne. Harabar gidan dangi, farfajiyar masauki mai maigadi, ko kusa da ofishin jami'an tsaro bayan an nemi izini.

Mataki na huɗu: a bakin iyaka

Da farko hatimin fita na Najeriya, sannan kwastan. A ɗaya gefen, 'yan sanda su buga hatimin shiga, jami'an lafiya su duba kati, sai duwan, wato kwastan ɗinsu, su ba mota takardar shiga ta wucin gadi da ake kira lasefase. Duba kwana nawa aka rubuta, da lambar motar, kafin ka bar tagar. Duk abin da ka biya ka nemi rasit, haka ma tikitin kuɗin hanya, a adana shi har gari na gaba. Kada a ɗauki hoton shinge ko na soja.

Fetur a jarka fasa-ƙwauri ne a idon kwastan, haka buhunan hatsi. Tsaraba a rarrabe ta: turmin atamfa uku tsaraba ce, ashirin iri ɗaya haja ce, za a nemi haraji. Citta ta Kachiya, zuma da turare ba sa ɗaukar wuri. Magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Sannan saƙo. Da an ji za ka tafi da mota, maƙwabta za su yi ta kawo ƙulli. Kowane ƙulli a buɗe shi a gaban mai shi, ko da na surukarka ne. Abin da aka samu a motarka naka ne a wurin hukuma.

Canjin kuɗi yana da tarko ga baƙo. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙirga, kuma dala ɗaya sefa biyar ce. Mai tsire ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi; "jika guda" kuwa 1,000. Ka tambaya a rubuta maka a waya har kunnenka ya saba. Layin waya na can sai da fasfo ake yi masa rajista.

Mataki na biyar: sauka a gidan mutane

Nan ne motar ke iya ɓata abin da aka zo gyarawa. Baƙon da ya iso da gadonsa da tukunyarsa, in bai yi hattara ba, mai gida zai ji kamar an raina masaukinsa. Don haka a faɗa tun a waya: "Kawu, za mu zo da mota mai wurin kwana, saboda hanya ce. Su Hajiya da yara suna cikin gida wurin Inna, ni da samari sai mu kwana a ƙofar gida." Yawanci wannan rabon ne ke yi wa kowa daɗi. Idan dattijo ya dage an gyara maka ɗaki, ka kwana a ciki daren farko. Daga baya ka koma mota ba wanda zai ji komai.

Kada a kunna gas a ƙofar gidan da aka ɗora tukunya dominka. Abincin gida za a ci, taimako kuma ya bi ta hannun uwargida a matsayin cefane, ba tare da sanarwa ba. In an ja wuta, a sa kuɗin mita. A nemi mai gida ya kai ka ka gaida mai unguwa, domin baƙuwar mota mai lambar wata ƙasa da ta kwana uku a lungu tana jawo tambaya. A tambayi inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Yara za su yi dafifi su ga ɗakin da ke tafiya. A bar su su leƙa, amma a cire makulli, a rufe kan gas. Kwana biyu zuwa uku a kowane gida ya isa, kuma a tsara jerin gidajen bisa girma, ba bisa yadda hanya ta fi sauƙi ba: in ka fara sauka wurin aboki kafin yayan mahaifinka da ke gari ɗaya, labarin zai riga ka komawa Kaduna.

Ranar dawowa, a miƙa lasefase ga duwan a tabbatar sun rubuta fitar motar, a buga wa kowane fasfo hatimin fita. Takardar da ba a rufe ba tana nuna motar tana cikin ƙasarsu har yanzu, kuma a tafiya ta gaba za a iya neman harajin shigo da ita. In kwanakin za su ƙare kana can, ka je ofishin duwan mafi kusa a ƙara maka tun da sauran kwana biyu ko uku.