Babi na 4: Idan Ɓeran Masar Namiji Ya Hau Ɗan'uwansa

Ku buɗe littafinku a nan, inda aka rubuta Babi na 4 da manyan baƙaƙe. Wanda bai ga wurin ba ya tambayi na kusa da shi. Ba abin kunya ba ne, duk koyo ya kawo mu. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko, ku ja shi daga hagu zuwa dama. Inda kuka ga ɗigo, ku tsaya ku huta, sannan ku ci gaba.

Da yawanku akwai ɓerayen Masar a gida, ko na yara ko naku na kiwo. Koken da aka fi kawowa aji shi ne: "Malam, maza biyu na saya, amma ɗaya sai hawan ɗaya yake yi." A kan wannan koke za mu yi karatu.

Darasi na 1: Ku tabbata duka maza ne

Mai sayarwa a kasuwa zai ce muku maza ne. Ku ji, amma ku duba da kanku.

Ku wanke hannu, ku zauna a ƙasa kan tabarma. A ƙasa na ce, don idan ya kuɓuce daga sama yana iya karyewa. Ku sa hannu ɗaya a ƙirjinsa, ɗaya hannun ya tallafe shi ta baya, ku juya shi cikinsa ya kalle ku. Sai ku ɗora yatsa kaɗan sama da al'aurarsa, ku danna a hankali. A hankali ƙwarai. Idan namiji ne, gabansa zai leƙo waje. Idan mace ce, babu abin da zai leƙo, kuma wurin yana da siffar wannan harafi: Y. Kun san shi, da shi ake fara rubuta yaro.

Kada nono ya ruɗe ku. Namiji ma yana da kan nono biyu a ciki.

Idan kuka tarar ɗaya mace ce, to barbara ce kuke gani, ku shirya karɓar 'ya'ya bayan kwana 59 zuwa 72, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Ku kuma riƙe wannan: ɗan namiji yana iya yi wa uwarsa ciki tun yana ɗan mako 3 zuwa 4, don haka a mako na 3 ake cire shi daga wurinta. Idan kuwa duka maza ne, madalla, ku wuce darasi na gaba.

Darasi na 2: Tsaya, duba

Wannan shi ne darasin da aka fi faɗuwa a kansa, saboda haka za mu daɗe a nan.

Ku zauna nesa kaɗan da kejin, ku yi shiru, ku kalla. Ɗaya zai fara zagaya ɗaya a hankali, yana rangaji da ƙugu, dama da hagu, yana gurnani ƙasa-ƙasa, durrr. Zai shinshina bayan ɗan'uwansa. Zai ja nasa gindin a ƙasa don ya bar warinsa a wurin. Sai ya yi wuf ya haye. Wani lokaci ta baya, wani lokaci ta gefe, wani lokaci ma ta kai yake hawa. Na ƙasa ya yi ta tsuwwa, ya zille, a bi shi da gudu a zagaya keji, a sake hawa. Can kuma ku ga sun yi cirko-cirko, kowa ya ɗaga hanci sama, har ɗaya ya sauke kai. Bayan ɗan lokaci ga su nan gefe da gefe suna cin ciyawa.

Shugabanci suke sasantawa. A cikin maza biyu dole ɗaya ya zama babba, ɗaya ya bi, kuma da hawa ake nuna wane ne babban. Duk wanda ya yi kiwon awaki ya ga 'yan bunsuru suna hawan juna a garke ba akuya a kusa. To haka ne. Ba ciwo ba ne, ba lalacewa ba ce, ba kuma wani ya yi musu baki ba. Tsuwwar da na ƙasa yake yi, sallamawa ce: na ji, kai ne babba.

Abin ya fi yawa a ranar da aka haɗa su, da ranar da aka sauya musu keji ko aka share shi tas, da kuma lokacin balaga, daga wata 3 ko 4 har su ɗan wuce shekara. Wasu su sasanta cikin kwana biyu, wasu su ɗauki makonni. Akwai waɗanda har tsufa babban ba ya daina hawa jefi-jefi, don tuni.

Yanzu ga ƙa'idar. An rubuta ta da manyan baƙaƙe don ku gan ta da kyau:

TSAYA. DUBA. BA JINI, BA RABAWA.

Mu karanta tare, kalma-kalma. Tsaya. Wato hannunku ya tsaya, kada ya shiga keji. Duba. Wato ku duba jikinsu da ido: hanci, leɓe, kunne, wuya, baya. Ba jini, ba rabawa. Wato idan ba ku ga jini ba, ku bar su tare.

Sake. Tsaya. Duba. Ba jini, ba rabawa. Madalla, kun iya.

Na san tausayi ne ke sa ku miƙa hannu. Ƙaramin yana kuka, zuciya ta karye, a ɗauke shi a sa a kwali, da safe a mayar. Tausayi abu ne mai kyau, amma a nan wahala yake ƙara masa. Duk ranar da kuka raba su kuka sake haɗawa, daga farko za su soma. Duk hawan da ƙaramin ya jure jiya ya tafi a banza, yau zai sake jure wani. Masu rabawa kullum su ne ɓerayensu ba sa taɓa zama lafiya.

Mu gwada. Zan yi tambaya, ku amsa da baki. Wannan alama (?) tana nuna tambaya ce.

Babban ya hau ƙaramin, ƙaramin yana tsuwwa. Akwai jini? Babu. A raba? A'a.

Babban ya bi ƙaramin da gudu sau da yawa. Akwai jini? Babu. A raba? A'a.

Kun ga ɗan gashi a bakin babban. Ku duba fatar ƙaramin. Akwai jini? Babu. A raba? A'a. Gashi daban, jini daban.

Kun ga wani farin abu mai danƙo ya bushe a gashin ƙaramin. Daga jikin babban ya fito wajen hawa. Ku jiƙa shi da ruwan ɗumi ku goge, ko ku yanke gashin da almakashi, ku mayar da shi nan take. A raba? A'a.

Sannunku da ƙoƙari. Ku ɗauki fensir ku rubuta ƙa'idar sau uku a littafin rubutu. Wanda hannunsa ke rawa ya bi a sannu, babu mai gaggawa. Jini haruffa huɗu ne: j, i, n, i. Kada ku manta ɗigon da ke kan j da kan i.

Darasi na 3: Faɗa na gaske

Akwai ranar da abin ke wuce hawa. Kafin nan suna ba da alama. Su biyun za su fuskanci juna, babu mai ja da baya. Haƙora na kaɗawa da ƙarfi, kaf-kaf-kaf. Gashin wuya ya miƙe. Ɗaya ya wangale baki yana nuna haƙora, ba hamma yake yi ba. Idan kun ga haka, ku matso kusa da faifai ko kwali a hannu. Ku zuba ɗanyar ciyawa a tsakiya, sau da yawa ci yana ɗauke musu hankali. Har yanzu dai ba ku raba ba. Me ya sa? Ku faɗa da kanku: ba jini, ba rabawa.

Idan suka cure wuri guda suna birgima, ba ku iya gane kan wannan da na wancan, ko kuka ga cizo mai zurfi yana jini, wannan shi ne faɗa. Ku jefa musu tawul ko tsohon zane, ku zura faifai a tsakaninsu, ku ɗauke ɗaya a cikin zanen. Ba da hannu tsirara ba. A wannan lokaci bai san mai shi ba, duk abin da ya shigo gabansa zai ciza, haƙoransa kuwa suna shiga nama sosai. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, idan ya yi zurfi ya je asibiti.

Raunin ɓeran kuma, ku wanke da ruwan gishiri kaɗan wanda aka tafasa ya huce, ku kai shi wurin likitan dabbobi, don cizo yakan kumbura ya tara mugunya. Kada ku je kemis ku sayo kafso ku fasa masa a ruwa. Magungunan dangin fenisilin, irin su amfisilin da amoksisilin, suna kashe ɓeran Masar ko da sun yi wa mutum amfani. Ku ja layi a ƙarƙashin wannan jimla.

Waɗanda suka yi faɗan jini sosai ba kasafai suke komawa zama tare ba. Ku raba kejin biyu da ragar waya, kowa da ɓangarensa, suna ganin juna suna jin warin juna.

Sauran dalili ɗaya na rabawa ko ba jini: idan babban ya tare abinci da ruwa har ƙaramin yana ramewa. Ido ba ya gane rama da wuri saboda gashi. Ku ɗora shi a sikeli duk mako, ku rubuta lambar. Namijin da ya gama girma yakan kai 900g zuwa 1200g. Harafin g yana nufin giram. Idan lambar tana ta sauka mako bayan mako, ku raba da raga, ku nuna wa likita.

To, amma hawa kaɗai fa? Haba jama'a. An maimaita wannan har baki ya bushe, duk da haka sai wani ya zo ya ce, "Malam, na dai ɗan raba su na dare ɗaya." Babu ɗan rabawa. Wata kuma ta ce yara ne suka cire shi. To yaran wa ke gaya musu? Karatun da aka bari a aji ba a kai shi gida ba, me ya amfana? Ku rubuta ƙa'idar a takarda, ku manna a jikin kejin, kowa ya gani: TSAYA. DUBA. BA JINI, BA RABAWA.

Darasi na 4: Keji

Yawancin faɗa daga matsi yake tasowa. Maza biyu a cikin kwandon da ko juyawa ba sa iya yi, sannan a ce sun cika masifa. Kejin ɓeraye biyu kada ya gaza santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi. Maza sun fi zama lafiya a 150 da 75, wato kusan kamu uku da kamu ɗaya da rabi. Ku ari tef ɗin tela ku auna.

Komai ya zama biyu: kwanon abinci biyu nesa da juna, mazubin ruwa biyu, maɓoya biyu. Eh, suna shan ruwa, ku daina jin masu cewa ganye ya ishe su. Maɓoya ta kwali ta isa, amma ku huda mata ƙofa biyu, don wanda aka bi ya sami ta fita. Asalinsu daga tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, wuri mai sanyi, zafin bazara yana wahalar da su. Kejin duka ya zauna a inuwa, ba rabi ba, don kada babban ya kwashe inuwar shi kaɗai.

Kada mace ta zauna kusa da su. Warinta ma kawai yana haɗa su faɗa. Maza uku a keji ɗaya kuma da wuya su daɗe lafiya.

Darasi na 5: Haɗa sababbi

Ba a jefa baƙo cikin kejin mai gida. Ku kai su wurin da babu warin kowa, ku tara ciyawa a tsakiya, ku zauna da su 'yan sa'o'i. Ku wanke keji, ku sa su tare, shi ke nan. Babba da ɗan ƙarami sun fi saurin shiri. Za su yi hawa. Kun san ƙa'ida.

Darasi na 6: Dandaƙa

Dandaƙa tana hana haihuwa, ba ta hana maza hawan juna. Aikin likita ne, kada a yi a gida.

Aikin gida

Ku kalli kejinku, ku rubuta kwanan wata da abin da kuka gani a jimla biyu. Ku zo da fensirinku.